Wuta-wuta, sammore da tsargiya: me masu bincike suke nema a gonakinmu da rafukanmu?

A Bauchi da Gombe manomi yana kuka da wuta-wuta, makiyayi yana kuka da sammore da ciwon hanta, uwa kuma da zazzaɓin da yake kwantar mata da yara duk damina. Kowa yana ganin damuwarsa daban ce. A wurin masana kimiyya kuwa duk fanni ɗaya ne, wato nazarin halittun da ba sa iya rayuwa sai a jikin wata halitta. Ga amsoshin wasu tambayoyi da ake yawan yi a kan wannan aiki.

Me ya haɗa ciyawar gona da cutar mutum har a ce fanni ɗaya ne?

Hanyar cin abincinsu ce ta haɗa su. Kauci a kan bishiya, kaska a kunnen saniya, tsutsa a cikin yaro, duk daga jikin wani suke ci. Kuma kusan kowacce tana da zagayen da sai ta kammala shi kafin ta hayayyafa: wata sai ta ratsa ta cikin sauro, wata ta katantanwa, wata sai ta ji alamar saiwar dawa. Babbar tambayar mai bincike ita ce ta ina take bi, kuma a wace gaɓa ta fi rauni. Yawancin nasarorin da za a ambata a nan daga amsar wannan tambaya suka fito.

Wuta-wuta ba ciyawa ba ce kamar sauran? Me ya sa noma ba ya maganinta?

Saboda kafin ka gan ta, ta riga ta yi ɓarnar. Irinta ƙanana ne ƙwarai, in aka zuba maka a tafin hannu sai ka ɗauka ƙura ce. Tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubatarsu, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Ruwan sama kaɗai ba ya sa su tsira. Sai saiwar dawa ko gero ko masara ta fitar da wani sinadari a cikin ƙasa, irin ya ji shi, sannan ya tsira ya manne wa saiwar. Daga nan zai yi makonni yana tsotson ruwa da abinci a ɓoye. Lokacin da furen nan mai ruwan hoda ya bayyana, dawar ta daɗe da tsumburewa.

A 1966 masana a Amurka suka fara ware irin wannan sinadari, kuma daga saiwar auduga suka same shi. Auduga tana sa irin wuta-wuta ya tsira, amma ba ya iya kama saiwarta, sai ya mutu cikin 'yan kwanaki. Haka ma wasu nau'o'in waken suya. A kan wannan aka gina shawarar sauya shuka: bana waken suya ko auduga, baɗi hatsi, kowace shekara irin da ke kwance a ƙasa yana raguwa. Bincike ya kuma nuna cewa hatsin da ke gajiyayyiyar ƙasa ya fi fitar da sinadarin. Abin da dattawa suka daɗe suna faɗa, cewa ƙuduji, wato wuta-wuta, gonar da ta gaji yake bi, gaskiya ne, yanzu kuma an san dalili.

Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya sun fitar da irin masara da na wake masu jure ta. SAMPEA 10 na cikin waken da aka fitar don haka, domin wake ma yana da tasa wuta-wutar daban da ta dawa. Wani shirin yaƙi da ita da IITA ta jagoranta daga 2011 ya yi aiki a gonakin manoma a jihohin Kano da Bauchi. A ganina babban darasin wannan aiki shi ne babu dabara ɗaya da take isa. Sai an haɗa iri mai juriya da taki da sauya shuka, a kuma tuge wadda ta fito a ƙone ta kafin ta yi 'ya'ya. Wanda ya bari ta zubar da iri bana, ya tara wa gonarsa aikin shekaru.

Wasu na cewa fitsarin jini ga yaro namiji alamar balaga ce. Haka ne?

A'a. Tsargiya ce, kuma tsutsa ce take kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da hanyar da take bi. Mai ciwon ya yi fitsari a rafi ko kududdufi, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shiga wata ƙaramar katantanwar ruwa. Bayan 'yan makonni dubbai su fito daga cikinta suna yawo. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga, ga mai wanka ko wanki ko kamun kifi ko dashen shinkafa. Jinin da ake gani ƙwayayen tsutsar ne suke huda bangon mafitsara. In aka bar ta shekaru tana iya lalata ƙoda, tana iya kai wa ga ciwon dajin mafitsara. Mata ma suna kamuwa, tana taɓa musu al'aura da mahaifa, sau da yawa kuma a ɗauka ciwon sanyi ne.

Katantanwar tana son ruwa mai kwanciya da ciyayi, shi ya sa masu bincike suke yawan zuwa bakin madatsun ruwa irin su Dadin Kowa da Balanga da magudanan noman rani. Maganin praziquantel yana kashe tsutsar da ke jiki, kuma ana raba shi a makarantu bisa tsayin yaro. Sai dai ba ya hana sake kamuwa. Yaron da ya sha yau ya koma rafin gobe zai iya ɗauko sabuwa.

To me suke yi da fitsari da bahaya da jinin da suke karɓa a ƙauyuka?

Ƙirga suke yi. A makarantar firamare za a ba kowane yaro 'yar kwalba mai lamba, a karɓi fitsarin tsakanin goma na safe da biyu na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita. A zuƙi mililita 10 da sirinji, a tura ta cikin 'yar matata, a ɗora matatar a kan gilashi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙwan tsargiyar mafitsara dogo ne mai ɗan tsini a ƙarshensa, ba ya ɓoyuwa ga wanda ya saba. Ma'aikacin ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya ya rubuta. Da wannan lissafi ake sanin garin da ke buƙatar rabon magani da kuma ko na bara ya yi aiki.

Duk da haka, hakkin iyaye ne a yi musu bayani da harshen da suke ji, a nemi yardarsu, a kuma ba yaron da aka samu da cutar magani. Mai binciken da ya kwashi samfuri ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ya ɓata wa na bayansa hanya, kuma mutanen gari suna da gaskiya in sun tambaye shi sakamako.

Ina labarin dabbobi?

Sammore ƙwayar cuta ce a jini wadda ƙudan tsando yake ɗauka daga dabba zuwa dabba. Saniya ta rame, jini ya ragu, nono ya ƙafe, wani lokaci ta yi ɓari. Dajin Yankari yana da tsando da namun dajin da suke ɗauke da ƙwayar ba tare da sun kwanta ba, don haka garken da ke kiwo a gefensa yana cikin haɗari. Har yau babu allurar rigakafi, domin ƙwayar tana sauya fatar da ta lulluɓe ta a kai a kai, kafin garkuwar jiki ta gane wannan ta koma wata. Raunin yana wajen ƙudan. Macen tsando ɗa ɗaya take haifa duk bayan kwana 9 ko 10, don haka kashe kaɗan a kullum yana karya yawansu. An kuma gano cewa shuɗi da baƙin ƙyalle suna jan su, shi ne asalin tarkon da ake kafawa a bakin rafi. Cibiyar binciken sammore ta ƙasa da ke Kaduna, mai reshe a Vom, tun zamanin Turawa take wannan aiki.

Ciwon hanta kuwa a kwata ake ganinsa ƙarara: a yanka hantar, a tarar jijiyoyinta sun yi kauri sun yi fari, tsutsotsi masu faɗi suna fitowa. Ita ma ta katantanwa take bi, dabba ta ci ta a jikin ciyawar fadama.

An taɓa gamawa da wata cuta ta wannan hanya?

Kurkunu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an samu fiye da mutum 650,000 da shi a Najeriya. Ba shi da magani, ba shi da rigakafi. Abin da aka sani shi ne 'ya'yansa suna zama a cikin wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa, mutum ya sha su, bayan kimanin shekara tsutsar ta ɓullo masa a ƙafa. Sai aka raba ƙyallen tace ruwa, aka hana mai ciwon shiga tafki, aka zuba magani a tafkunan, aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da Janar Yakubu Gowon sun bi ƙauyuka a kan haka. An ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi.

Akwai kuma ivermectin, wanda ya samo asali daga wata ƙwayar halitta da Satoshi Omura ya samu a cikin ƙasa a Japan. A 1981 ya fito a matsayin maganin tsutsar dabbobi, daga baya aka gano yana hana makantar da baƙin ƙudan rafi yake kawowa, kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta a 1987. Omura da William Campbell, masanin kamfanin Merck, sun sami kyautar Nobel a kan wannan aiki a 2015. A 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da wannan makanta. A kula, na dabbobi ba na mutane ba ne, ba a sha.

Gaskiya ne an ga wani baƙon sauro a Gombe?

Gaskiya ne. A 2020 aka gano sauron da ake kira Anopheles stephensi a jihar, karo na farko a Najeriya. Asalinsa kudancin Asiya da yankin Larabawa ne, an fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012. Abin damuwa shi ne yana yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kuma yana hayayyafa a tankuna da durom da rijiyoyin cikin gari, ko da rani. Masu bin kududdufai da ludayi suna ɗebo 'ya'yan sauro su ne suka gano shi.

Tunda magungunan suna nan, me ya rage a bincika?

Ko suna aiki har yanzu. Kulorokwin ya yi shekaru yana warkar da zazzaɓin cizon sauro, har ƙwayar ta saba da shi, Najeriya ta sauya zuwa magungunan artemisinin a 2005. Maganin sammore da makiyaya suke saye a kasuwa ya haura shekara 60 da fitowa, kuma an riga an samu ƙwayoyin da ba sa jin sa a ƙasashe da dama na Afirka. Abin da yake gaggauta wannan sananne ne: a raba allurar saniya ɗaya ga biyu don tsimi, a yi wa dabba allura ba a gwada jininta ba, a daina ba yaro magani da zarar jikinsa ya yi sanyi. Ƙwayoyin da suka tsira daga rabin magani su ne suke yaɗuwa.

Irin wannan sauyi ba a gane shi daga nesa. Sai wani ya koma gari ɗaya da garke ɗaya shekara bayan shekara yana gwadawa yana rubutawa. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna da ɗalibai masu zuwa ƙauyuka da kwata don aikin kammala karatu. Abin da nake so in gani shi ne sakamakonsu ya isa ofishin lafiya da na aikin gona na ƙaramar hukuma, a kuma koma garin da aka ɗebi samfurin a karanta wa mutane da Hausa ko Fulatanci a ƙofar mai gari.