Waiwaye: Tafiyar kalmar "niger" daga Rum zuwa bakin kogi

A Latin, harshen mutanen tsohuwar Rum, "niger" sifa ce mai nufin baƙi. Kalmomi biyu gare su na wannan launi. "Ater" shi ne baƙi mara sheƙi irin na gawayi, "niger" kuwa baƙi ne wuluk mai ƙyalli, kamar gashin baƙin dokin da aka wanke. Da zamani ya yi nisa sai "ater" ta ɓace daga bakin jama'a, "niger" ta gaji gidan. Daga gare ta Faransanci ya samo "noir", Italiyanci "nero", Sifaniyanci "negro".

Nahawunta ba zai ba Bahaushe wuya ba, tunda mu ma muna cewa baƙi, baƙa, baƙaƙe. Sai dai jinsi uku ne a Latin: namiji, mace, da na ukun da ba ya cikin biyun. Baƙin doki "equus niger" ne, baƙar saniya "vacca nigra", baƙin barkono "piper nigrum". A lura, harafin "e" yana faɗuwa da zarar an bar ainihin sigar "niger", kuma nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ƙarshen kalmar yana sauyawa kuma gwargwadon aikinta a jimla: in dokin ne aka gani, sai ya koma "equum nigrum".

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ta ɓuya a kimiyya. Layin nan mai duhu da ke fitowa a fatar cikin mace mai juna biyu, likitoci "linea nigra" suke ce masa. Habbatus sauda kuma, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta mata a 1753 shi ne "Nigella sativa", daga "nigellus", wato ɗan baƙi-baƙi.

To kogin Neja fa? Mutane da yawa sun ɗauka daga wannan sifa aka samo sunansa, amma masana da dama sun fi karkata ga lafazin Buzaye, "egerew n-igerewen", kogin koguna. Littafin matafiyi Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a birnin Venis na Italiya a 1550, ya yaɗa rubutun "Niger" a Turai, inda masu karatun Latin suka ji ya yi daidai da kalmar da suka sani. Daga sunan kogin ne 'yar jaridar Birtaniya Flora Shaw ta ƙago "Nigeria" a jaridar The Times a Janairun 1897, Jamhuriyar Nijar ma daga nan ta ɗauki nata.