Kwana a tanti cikin gandun namun daji: abin da doka ta hana baƙo

Kafin a nuna wa baƙo tantin da zai kwana a irin sansanonin da ake kafawa cikin gandun namun daji, sai an miƙo masa takarda ya sa hannu. Yawancinmu rattaba hannu kawai muke yi, ido na can wurin giwayen da ke shan ruwa a ƙetaren rafi. Abin da takardar ke cewa da bakin baƙo shi ne: na san wurin nan babu shinge, na san akwai zaki da ɓauna da dorina, na yarda zan bi umarnin jagora, in kuma na saɓa wani abu ya same ni, ni na jawo wa kaina. Takardar ba ta wanke masu sansani daga kowane irin sakaci ba, wannan kotun ƙasar ce ke dubawa. Amma tana karya ƙarar mutumin da aka ce kada ya fita, ya sa ƙafa ya fita.

Tun da yanzu ana samun 'yan kasuwa da ma'aikata da sababbin ma'aurata daga nan Sakkwato masu haɗa kuɗi su tafi Masai Mara a Kenya ko Serengeti a Tanzaniya, ya kamata a san cewa iko biyu ne ke kan mai kwana a irin wannan wuri. Akwai ƙa'idar sansani, wadda masu wurin suka shimfiɗa, wanda ya taka ta ana iya sallamarsa ba tare da an mayar masa da ko sisi ba. Akwai kuma dokar ƙasa, wadda ke kai mutum gaban alƙali.

Ƙa'idar da ta fi kowace nauyi a sansani ita ce ta dare. Da rana ta faɗi, baƙo ba ya fita daga tantinsa shi kaɗai, ko da zuwa wurin cin abinci ne da yake hangowa. Akwai masu gadi da ke kwana a farke, a Kenya galibi 'yan ƙabilar Masai ne, su ke zuwa da fitila su raka mutum su kuma dawo da shi. A cikin tanti akan ajiye usur ko ƙaho ko rediyon oba-oba domin kiran taimako. Ana kuma so a ja zif ɗin ƙofa har ƙasa. Dalili shi ne dabba na ganin tantin da ke rufe kamar rumbu, wani dunƙulallen abu da ba ta da harka da shi, sai ta kewaye ta wuce. Ƙofar da aka bari a buɗe don shan iska kuwa tana fitar da ƙamshin mutum da motsinsa, kura kuma ba ta da kunyar leƙawa.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, domin mu masu tashin asuba ne. Basakkwace ya saba da jin kiran salla na farko ya ɗauki buta ya fita tsakar gida. A daji wannan lokacin yana cikin mafi haɗari. Dorina da dare take fitowa daga ruwa ta yi kiwo, gab da wayewar gari take komawa, kuma ba ta yafe wa wanda ya shiga tsakaninta da ruwanta. Zaki da damisa ba su gama farautarsu ba, tsohon ɓauna da ya rabu da garke yana iya kwanciya a duhuwar da ke bayan tanti. Saboda haka tun da yamma a cika buta a shigo da ita, a tambayi alƙibla tun ido na ganin ido, a yi alwala a makewayin da ke haɗe da tantin, a yi salla a ciki. In ana son jam'i, a gaya wa manaja tun da rana domin ya shirya rakiya. Kada wani ya ɗauka wannan sakaci ne da addini. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, an ambaci matafiyin da ruwa ke kusa da shi amma tsoron ɓarayi ko namun daji ya hana shi kaiwa, aka halatta masa taimama. Malaman da suka rubuta haka sun san daji. Mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa ya tuna cewa in ya fita aka kai masa hari, mai gadin da zai ruga ceto shi ma yana da iyali, dabbar kuma sau da yawa harbe ta ake yi.

Abinci ma ba a kwana da shi a tanti. Kilishi da dambun nama da dabino da muke cusawa a jaka don guzuri, a miƙa su ga masu kicin su adana. Haka wuta: kaskon turare, ko gawayin dafa shayi da samarinmu ba sa rabuwa da shi, ba a hura su a cikin tanti ko gefensa. Ciyawar rani ba ta jiran komai. Sansanoni da yawa marasa shinge ba sa karɓar ƙananan yara, don haka mai tafiya da iyali ya tambaya kafin ya biya.

Idan gari ya waye aka shiga mota, an koma hannun hukumar gandun daji. A gandayen da ke ƙarƙashin hukumar kula da namun daji ta Kenya, gudun mota ba ya wuce kilomita 40 a awa, ba a matsawa kusa da dabba ƙasa da mita 20, ba a sauka daga kan hanya, ba a fitowa daga mota sai a wuraren da aka keɓe, ba a ba dabba abinci, kuma daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe ba a yawo. Masai Mara tana hannun gwamnatin gundumar Narok, Serengeti tana hannun hukumar gandayen Tanzaniya, kowa da 'yan bambance-bambancensa, amma jigon ɗaya ne. Ɗan jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi sai da izini. Abin da nake roƙo a nan shi ne kada a matsa wa direba da na goro don ya kutsa kusa da zaki a samu hoto mai kyau. Baƙo zai hau jirgi ya koma gida, direban ne za a ci tara ko a hana shi shiga gandun, abincinsa ke nan.

Sai babbar magana, wadda nake ganin ita ce ramin da ɗan Arewa ya fi saurin faɗawa: tsaraba. Ba mu saba dawowa daga tafiya hannu rabbana ba. Da an ji mutum zai je inda zakuna suke, saƙo zai fara zuwa. Kawu na son kitsen zaki don ciwon gaɓɓai, inna na son kashin giwa a yi wa jikanta hayaƙi, aboki na son gashin jelar giwa ko ƙayar beguwa, wani dattijo ya ce in an ga carbi na haure a sayo masa. Ban da kashin giwar, duk waɗannan, a idon doka, sassan namun daji ne, kuma mallakarsu ba tare da lasisi ba laifi ne. Doka ba ta tambayar ko kai ka kashe dabbar. Ƙahon da ka tsinta a ƙasa, haƙorin da wani ya sayar maka a bayan shago, gashin jimina da iska ta kawo ƙofar tantinka, da zarar an same su a jakarka magana ta ƙare. Ko kashin dabba da dutse da tsiro, ƙa'idar gandun daji ita ce a bar su inda aka gan su.

Kenya ta hana farautar nishaɗi tun 1977. Dokarta ta namun daji ta 2013, a yadda aka zartar da ita, ta tanadi tarar shilin miliyan 20 ko ɗaurin rai-da-rai ga laifin da ya shafi dabbobin da ke gab da ƙarewa. A watan Janairun 2014 wata kotu a Nairobi ta yanke wa wani ɗan ƙasar Sin wannan tarar saboda haure ɗaya da aka samu a jakarsa, alhali ratse kawai ya yi ta filin jirgin. A watan Mayun 2025 kuma an ci wasu matasa biyu 'yan Beljiyam tarar shilin miliyan 1 kowanne, ko zaman shekara guda, saboda an kama su da tururuwa kusan 5,000 da suke shirin fita da su. Ƙasar da ta kai mutum kotu a kan tururuwa ba za ta saurari bayanin cewa kawu ne ya yi saƙo ba.

Ko mutum ya tsallake can, bai tsira ba, domin akwai yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji da sassansu tsakanin ƙasashe, da aka ƙulla a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya na cikinta. Ita ce ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun shawarar 1989. A gida, dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ce ke aiwatar da ita, gyaran da aka yi mata a 2016 kuma ya ɗaga tarar daga naira 1,000 zuwa miliyoyi. Jami'an kwastan da na NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, na da ikon ƙwace kayan su gurfanar da mai su. A watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe hauren giwa tan biyu da rabi a Abuja, duk wanda aka ƙwace ne.

Wanda aljihunsa bai kai Kenya ba ya nufi gandayen gida, kada ya zaci a nan komai sakaka ne. Doka mai lamba 46 ta 1999, wadda aka kafa a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, ita ke tafiyar da gandayen tarayya irin su Kainji da Gashaka-Gumti da Kamuku. Ta hana shiga ko kwana ba da izini ba, ta hana farauta da kamun kifi da cinna wuta da shiga da makami da koro dabbobi kiwo, ta hana ɗaukar ƙwai ko taɓa sheƙar tsuntsu. Ta kuma hana lalata itace ko ɓare shi, wato ɗan sassaƙe da saiwar da mutum zai ce bari in ɗiba don magani sun shiga ciki. Yankari ita tata daban ce: an keɓe ta a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, tarayya ta karɓa a 1991, sannan ta koma hannun jihar Bauchi a 2006, don haka dokar jiha ce ke aiki a can. A sansanin Wikki ɗakuna ake kwana, amma birai da mugun dawa na zagaye tsakanin mutane, biran kuma sun iya buɗe jaka. Game da Kamuku da wasu sassan Kainji, ba sai an gaya wa ɗan Sakkwato halin tsaron da ake ciki ba. A tuntuɓi hukumar gandun kafin a kama hanya.

Na san akwai masu ganin waɗannan dokoki tsaurin Turawa ne da aka ɗora mana, wai an fifita dabba a kan mutum. Ni ban gan su haka ba. Tsofaffinmu na ba da labarin namun dajin Gundumi da na Kuyambana, yaranmu kuwa a waya suke ganin zaki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya kusan 400 ne, kason Najeriya bai kai 50 ba, a Kainji da Yankari. A ɗaya gefen, raƙuman dawan Kure, kan hanyar Doso zuwa Yamai, sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Da gwamnatin Nijar ta tsare su, manoman yankin suka haƙura da ɓarnar wake da suke yi musu, adadinsu ya haura 600. Abin da ya raba labaran nan biyu shi ne a wuri ɗaya an bi doka. Kowane ɗan kwalbar kitse da ake sayarwa a kasuwa da sunan na zaki, in na gaske ne zaki ya mutu, in na jabu ne an cuci mai saye.

Akwai ƙaramar doka da ke kama baƙi tun a filin jirgi, ta leda. Kenya ta haramta ledar cefane a 2017, Tanzaniya ta bi sahu ranar 1 ga Yunin 2019, kuma daga Yunin 2020 Kenya ta hana shiga gandayenta da robar ruwa da ake sha a yar. Mu da ke ƙulle takalmi da turare da yaji duk a baƙar leda, sai a sake shiri, a nemi jakar yadi da gorar ruwa ta ƙarfe.

In an zo sayen tsaraba, akwai ganyen shayin Kenya da kofi da jan zanen Masai da duwatsun wuya, a saya a shago a karɓi rasit. A kuma duba abin da aka fita da shi daga gida. Aikin dukawanmu na fatar jar akuya, wadda sunan Sakkwato ya zaga duniya da ita, ba ya cikin hanin da ya shafi sassan namun daji. Amma takalmi ko jaka ko bel na fatar mesa, ko kada, ko guza, suna cikin jerin CITES, kuma fitar da su don sayarwa sai da takardar izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Wanda nasa na sawa ne kawai, jami'in da zai tare shi a Nairobi ko Arusha ba shi da hanyar sanin a Sakkwato aka ɗinka shi. Ya bar shi a gida ya sa na akuya.