Kama da wane ba wane ba ce

Iyayena da 'yan'uwana, don Allah ku daina aiken yara su tsinko muku magani da kwatance. Na faɗa ranar awo, na faɗa ranar rigakafi, ga shi ina sake faɗa. Ba daminar da za ta wuce ba a kawo mana yaro jiki ya saki ba, amai da gudawa sun tsotse shi. Ka tambayi uwa me ya sha, ta ce ganye ne kawai ta dafa masa. Wa ya tsinko? Yayansa. Shi yayan ko shekara 10 bai kai ba. Haba!

Ni ban raina maganin itatuwa ba. Kwinin ɗin zazzaɓin cizon sauro ma daga ɓawon itace aka samo shi. Abin da ke ƙona min rai shi ne "je ka bayan gida, mai furen nan rawaya."

To mai fure rawaya ai biyu ne, kuma tare suke fitowa. Tafasa ganyenta 6 ne a reshe, bibbiyu suna kallon juna, bakinsu a zagaye, kwansonta siriri ne ya lanƙwashe kamar lauje. Rai-ɗore ganyensa ya fi yawa, bakinsa da tsini, kwansonsa a shafe yake. Ɗanyen 'ya'yan rai-ɗore yana lalata hantar yaro, har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yaron da kika aika ya san wannan?

Haka zurma da bini-da-zugu. Zurma ganyenta ya tsage kamar yatsun hannu, 'ya'yanta cikin kwanso mai ƙaya. Bini-da-zugu kwansonsa sumul, ƙwayarsa baƙa. Dukansu guba ne, kuma ƙwayar bini-da-zugu ba ta da ɗaci, shi ya sa ɗan aiken kansa yake taunawa a hanya.

Na san ƙauna ce ta sa ki, ba mugunta ba, ciwon ɗa ba ya barin uwa ta zauna. Amma kwatance ba sani ba ne. Ki je da kanki, ko ki bari.

In an riga an sha: kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a ɗora wani jiƙon a kai, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan in yana iya haɗiya, a taho asibiti nan take ko da dare ne. Ku zo mana da reshen, da ganye da kwanso, mu gani da idonmu.