Mece ce "ƙwayar cutar daji" da ake cewa naman kaza yana kashewa?

Kwanakin nan ko rediyo ka murɗa ko WhatsApp ka buɗe, sai ka ci karo da mai tallan garin Ganoderma ko kofinsa yana cewa "masana sun tabbatar yana wanke hanta, yana kashe ƙwayoyin cutar daji." Ganoderma dai wani naman kaza ne ja mai sheƙi, mai tauri kamar katako, da ke fitowa a jikin kututture. Sinawa na kiransa lingzhi, a Japan kuma reishi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a tallan nan shi ne kalmar "ƙwaya".

Hausa ta jibga wa kalmar nan kaya. Akwai ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani, har da ta 'yan shaye-shaye. Da likitancin zamani ya zo sai aka ƙara mata biyu. Ƙwayar cuta ita ce baƙuwar da ke shigowa jiki daga waje, irin ta taifot ko tarin fuka. Ƙwayar halitta kuwa ita ce tubalin da aka gina jikinka da shi. Mai talla sai ya cakuɗa su, mai sauraro ya ɗauka daji wani ƙwaro ne da ya shige shi, in ya sha gari zai fita. Alhali ƙwayoyin halittar mutum ne na kansa suka kangare, suna ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Shi ya sa maganinsa ke da wahala: abin da zai kashe su yakan taɓa 'yan'uwansu masu lafiya, har ka ga gashin majinyaci yana zubewa.

To, a ina aka ga naman kazan ya kashe su? Galibi a ɗan faranti, a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira HepG2, waɗanda aka ciro daga ƙarin hantar wani yaro ɗan shekara 15 tun 1975, ana ta rainonsu har yau. Mai bincike zai ɗiga musu ruwan da ya tato daga naman kazan, bayan kwana ɗaya ko biyu ya ƙirga nawa suka mutu. Gaskiya ne sukan mutu. Amma ko gishiri ka cika musu za su mutu. Faranti ba shi da cikin da zai narka maganin, ba shi da hantar da za ta sarrafa shi, ba shi da ƙodar da za ta fitar da shi. Matakin farko ne na bincike, kuma yawancin magungunan da suka ci wannan mataki ba sa kai labari idan aka zo kan mutane.

Ban ce naman kaza ba shi da amfani ba. Japan ta amince da wasu sinadarai biyu da ake tatowa daga naman kaza, PSK a 1977, da lentinan na naman kazan da ake kira shiitake a 1985, amma a matsayin 'yan rakiyar maganin asibiti. Kan Ganoderma kuwa, ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta auna gwaje-gwaje biyar da aka yi kan mutane, a 2016 ta ce babu isasshiyar hujjar da za a sa shi a gaba wajen maganin daji. Batun wanke hanta ma da sauran magana, don likitoci a Hong Kong da Tailan sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta lalace bayan shan garinsa.

Na ga wani maƙwabcinmu, idanunsa sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura, gwangwanayen garin nan jere a kan taga. Watanni ya yi yana sha kafin a kai shi asibiti. Ashe cutar hanta nau'in B ce ta daɗe tana cin sa.

Ita wannan, ƙwayar cuta ce ta haƙiƙa, kuma ita ce kan gaba wajen jawo dajin hanta a ƙasashenmu, sai gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. Cutar hanta nau'in B ɗin ana gano ta da gwajin jini, akwai magungunan da ke danne ta, kuma tun 2004 allurar rigakafinta tana cikin alluran jarirai a Najeriya. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa.