Shekara goma don ka sari wayar intanet? Ga abin da dokar ta faɗa

Magana ta yaɗu a guruf-guruf na WhatsApp cewa yanzu duk wanda digarsa ko shebur ɗinsa ya taɓa wayar intanet da aka binne a ƙasa, shekara goma zai yi a gidan yari, babu beli, babu tara. Har na ji ana gargaɗin leburori masu haƙa kwata da harsashin gini su guji aiki a bakin titi. Wasu sun ƙara gishiri, wai filin da wayar ta ratsa ya zama na gwamnati. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen shekara goman, amma an yanke masa kai da ƙafa.

Da farko, ba sabuwar doka majalisa ta yi ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ba shugaban ƙasa dama a sashe na 3 ya ayyana wasu na'urori da hanyoyin sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa, bisa shawarar mai ba shi shawara kan harkar tsaro. Damar ta daɗe a rubuce, sai a tsakiyar 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya lissafa su. Wayoyin faiba, wato wayoyin intanet ɗin da ake binnewa, turakun sadarwa da muke kira ƙarfen sabis, da cibiyoyin adana bayanai duk sun shiga, haka ma na'urorin da bankuna, wutar lantarki, asibitoci da hukumomin tsaro suke dogaro da su.

Hukuncin yana sashe na 5, kuma a nan masu jita-jita suka tsallake kalmomi biyu masu nauyi. Ta farko ita ce niyya. Sashen ya yi magana ne a kan wanda ya aikata laifin da gangan. Ta biyu kuwa, cewa ya yi ɗaurin ba zai wuce shekara 10 ba. Wato goma ita ce iyaka ta sama, alƙali na iya yanke ƙasa da haka gwargwadon abin da ya gani. Abin da yake daidai a cikin jita-jitar shi ne babu zaɓin biyan tara. Idan kotu ta same ka da laifi a ƙarƙashin wannan sashe, kuɗi ba zai fanshe ka ba. Zancen hana beli kuma ba ya cikin sashen ko kaɗan. Idan ɓarnar ta jawo wa wani mummunan rauni, iyakar ta koma shekara 15, idan kuma rai ya salwanta, ɗaurin rai da rai ne. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan shari'o'i.

To, mai haƙa ramin da bai ma san akwai waya a wurin ba fa? Bai cika sharaɗin niyya ba, kuma mai gabatar da ƙara ne aka ɗora wa nauyin tabbatar da ita. Ban ce ya tsira daga komai ba. Kamfanin da ya mallaki wayar na iya neman diyyar gyara, kuma kowa ya san a ƙasar nan ana iya kwana biyu a hannun jami'an tsaro kafin a zo batun wa ya yi niyya wa bai yi ba. Amma tsakanin wannan da shekara goma akwai tafiya mai nisa. Wanda sashen ya fi nufa shi ne mai zuwa da dare ya tone waya, ko ya fasa shingen ƙarfen sabis ya kwashe batura da man janareta. Abin takaici ma, yawancin masu tonon jan ƙarfe suke nema, alhali cikin faiba zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai. Ko ɗan jari-bola ba zai ba su sisi a kai ba, amma sun riga sun jefa gari guda cikin rashin sabis.

Akwai wani lungu a sashen da ya fi rikita mutane. Bai ce duk ɓarna ba, ya ce laifin da ita wannan doka take hukuntawa, idan an aikata shi a kan kadarar da aka ayyana. Ke nan sai an fara nuna cewa abin da mutum ya yi laifi ne a wani sashe na dokar, misali sashe na 8 da ya haramta kawo cikas ga aikin na'ura da gangan ba tare da izini ba. Shi kansa wannan laifi, a kan na'urar da ba a ayyana ba, hukuncinsa bai wuce shekara 2 ko tarar naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Umarnin 2024 shi ne ya ɗaga shi daga can zuwa goma. Aikinsa ke nan. Bai ƙwace gonar kowa ba, bai mayar da gefen titin gidanka haramtaccen wuri ba.

Me ya sa gwamnati ta tsananta haka? Waya ɗaya da kake gani ba ta unguwarku kaɗai ba ce. Intanet ɗin Najeriya yana shigowa ne ta wayoyin ƙarƙashin teku da galibinsu suke sauka a Legas, daga nan faiba ta ɗauko shi ta bi gefen tituna zuwa arewa. Nijar da Chadi ba su da teku, sai dai su ratsa ta maƙwabta. Shi ya sa Bankin Raya Afirka ya zuba kuɗi a babbar wayar da za ta keta Sahara ta haɗa Aljeriya, Nijar, Najeriya da Chadi, kuma ɗaya daga cikin rassanta a Nijar ya taso daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. A gida kuma gwamnatin tarayya ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Babu mai zuba irin wannan jari a ƙasar da ake sare waya kullum. Ranar 14 ga Maris 2024 an ɗanɗana abin da katsewa take nufi, lokacin da wayoyin teku huɗu suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka tsaya, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka yi cirko-cirko. Wannan kam babu dokar da za ta hana shi, don binciken farko motsin ƙasa a ƙasan teku ya nuna. Amma na kan tudu hannun mutum ne.

Wasu kuma sun haɗa umarnin da harajin nan na kashi 0.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi, wanda ya tayar da ƙura a watan Mayun 2024 har aka dakatar da shi. Doka ɗaya ce ta haife su, amma wancan sashe na 44 ne, ba ruwansa da wannan. Haka masu cewa an yi shi ne don a riƙa rufe sabis, su tuna an rufe na Zamfara a Satumbar 2021, shekara uku kafin a san da umarnin.

Inda ni abin bai kwanta mini ba shi ne wa hukuncin zai fi hawa kansa. Hukumar sadarwa ta NCC ta ce an samu tsinkewar faiba sama da 50,000 a 2024, kuma kusan 30,000 daga ciki aikin titi ne na tarayya da na jihohi ya jawo su. Ashe babban mai saran waya ba ɓarawon dare ba ne, katafilar ɗan kwangila ce da rana tsaka. Shi ɗan kwangila yana da lauya, yana da takardar aikin gwamnati, kuma cikin sauƙi zai ce kuskure ne. Amma idan an ba shi taswirar inda waya ta bi, an kafa alamomi, an rubuta masa gargaɗi, ya ce jiran injiniyan kamfanin sadarwa zai ɓata masa lokaci ya tura direba ya ci gaba, anya wannan kuskure ne? A farkon 2025 ma'aikatar ayyuka da ta sadarwa sun kafa kwamitin haɗin gwiwa a kan matsalar. Manya ana zama da su a kwamiti, yaron da aka kama da guntun waya a buhu kuma a yi holinsa gaban 'yan jarida. An bar jaki ana dukan taiki.

Su ma kamfanonin sadarwa da jihohi suna da nasu kason. Sau da yawa wayar ba a binne ta da zurfi ba, alamar da aka kafa kuma ta daɗe da faɗuwa. Tun 2013 aka amince jihohi su karɓi naira 145 a kan kowace mita ta hanyar da waya za ta bi, amma wasu suka riƙa cajin dubbai. Ekiti ta sauko zuwa 145 a 2020, Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a shekarar. Inda hanya ta yi tsada, kamfani waya ɗaya zai ja ba tare da ta ko-ta-kwana ba, shi ya sa sara guda yake kashe sabis ɗin ƙaramar hukuma sukutum. Sashe na 5 bai ce komai a kan wannan ba.