"Ai ya wuce" ke kwantar mana da mutane

Ƴan uwana mutanen Maraɗi, kalmar nan ta "ai ya wuce" ta ishe ni. Dattijo na zaune bayan la'asar, baki ya karkace, kofin shayi ya suɓuce masa, harshe ya yi nauyi. Minti goma ya dawo garau. Sai a ce iska ce, a yi masa turare, a ci gaba da hira. Bayan sati biyu a kawo mana shi asibiti cikin adaidaita, ɓarin jiki ya shanye. In na tambayi ɗansa, ya ce: "Ya taɓa yi, amma ai ya wuce."

Bai wuce ba. Kitse ne ya taru a jijiyar jinin wuya har hanya ta matse, wani ɓarɓashi ya ɓalle ya toshe ƙaramar jijiya cikin ƙwaƙwalwa. Wani kuma bangon jijiyar jinin ƙwaƙwalwarsa ne ya yi laushi ya kumbura, kamar tayar keke da ta yi ƙulli. Wannan kumburin yakan zauna shekaru shiru. Ran da ya fashe, ciwon kai ne farat ɗaya irin wanda mutum bai taɓa ji ba, ga amai, ga sanƙarar wuya. Nan ma sai a aika yaro wurin mai tallan magani ya sayo ƙwaya. Haba jama'a!

Akwai hoton da ke nuna waɗannan tun ba su yi ɓarna ba, shi ne hoton jijiyoyin jini da na'urar duba cikin jiki da ake kira IRM. Da maganaɗisu take aiki, ba yanka, ba zafi, sai ƙara da kwanciya cik na kamar rabin awa ko fiye. Amma likita ya rubuta takarda, a ninke ta a cusa ƙarƙashin katifa, wai Baba ya samu sauƙi. Na san kuɗi ne, wallahi na sani, balle in tafiya Yamai ta kama. Ku zo mu zauna mu duba abin da zai yiwu. Ɓoye takardar ne ke ƙona mani rai.

Inna, ke ma da ke ajiye maganin hawan jini don kai ya daina sarawa, da ke nake.

Baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe ko ido ɗaya ya rufe, ko na minti biyar ne, a taho likita ranar. Kada a ɗura masa ruwa ko fura, yana iya shaƙewa. Kada a ba shi asfirin kafin a duba shi. A riƙa awon hawan jini. In yana kai 14 bisa 9 (wato 140 bisa 90) a kai a kai, a nemi magani. A bar taba, a rage gishiri da magi. Ranar hoto a cire zobe, ɗan kunne, makulli da salula, kuma mai ƙarfe ko na'urar zuciya a jiki, mai ciki da mai ciwon ƙoda su faɗa tun kafin a shiga ɗakin.