Me ake nufi da «izini na musamman» a kan namun daji?

Da an tsare wani a ƙofar shiga Yamai da ɗan barewa ko 'ya'yan jimina a bayan mota, sai a ji mai magana a rediyo yana cewa ai mutumin «yana da izini na musamman». Yadda ake furta kalmar, sai ka ɗauka izini ne na mutane na musamman, wato manya da baƙinsu. Wannan fahimtar ce ke ɓata dawa.

Musamman daga Larabci ta zo, «musamma», abin da aka ambata da sunansa, kamar yadda malamai ke cewa «ajalin musamma», lokacin da aka yanke. Izini na musamman ke nan takardar da aka ambaci kome a cikinta: wace dabba, guda nawa, a wane daji, daga wace rana zuwa wace, don wane dalili, a hannun wa. Abin da ba a rubuta ba, ba a yarda da shi ba. Kiran ta «permi» da muke yi ya ƙara rikita mutane, domin permin tuƙi naka ne, kana shiga duk motar da ke ajinsa. Wannan kuwa da an kama adadin da aka rubuta ya mutu.

Dokar farauta da kare namun daji, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta sa raƙumin dawa, giwa, dorina, ayu da jimina cikin jerin masu cikakkiyar kariya. Permin farautar wasa ba ya kai wa gare su, na farautar gargajiya ma haka. Ƙofar da ta rage ita ce ta binciken kimiyya da ceton irin dabbar.

A dubi raƙuman dawa na Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin su haura 600. A Nuwamba 2018 an kai takwas gandun Gadabeji, tafiyar kilomita kusan 800, don kada annoba ko fari guda ya share irin baki ɗaya. Likitan dabbobi ne ke harba allurar sa maye, kuma da dabbar ta faɗi sai a ba ta makarin maganin nan take, domin raƙumin dawa ba ya jure daɗewa a kwance cikin maye, numfashinsa da jininsa rikicewa suke yi. A rufe masa ido da ƙyalle, a toshe kunnuwa, a tashe shi da igiyoyi zuwa cikin mota. Matasa ake zaɓa, babba ba ya wucewa ƙarƙashin wayoyin lantarki. Sannan a tsare su makonni a shinge su saba kafin doguwar tafiya. Da sanyin safiya ake wannan aiki. Dabbar da aka kora cikin zafi naman jikinta na lalacewa, fitsarinta ya yi duhu, ƙoda ta tsaya, ta mutu bayan kwanaki alhali an ɗauka ta tsira. 'Yan barewar da ake kamowa da babur don ado a gidajen masu hali, da yawansu wannan ciwon ke kashewa. Shi ya sa nake ganin bai halatta a ba kowa wannan takarda ba sai ya nuna likitansa da shingensa.

Kuma izinin kamu bai zama izinin sayarwa ko ƙetare iyaka ba. Wannan aikin CITES ne, yarjejeniyar ƙasashen duniya a kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda Nijar ke ciki tun 1975. Jiminar ƙasarmu tana rukuni na 1 na yarjejeniyar, wanda ya fi tsanani: sai ƙasar da za a kai ta ta fara ba da takardar shigarwa, sannan Nijar ta ba da ta fitarwa, wadda ba ta wuce wata shida, kuma ba don ciniki ba. Raƙumin dawa ya shiga rukuni na 2, mai ɗan sassauci, a 2019.

Jami'in gandun daji da aka miƙa wa irin wannan takarda a kan hanya, hatimi kaɗai bai ishe shi ba. Ya duba sunan dabbar, ya ƙirga abin da ke cikin motar, ya duba kwanan wata da sunan dajin da aka rubuta, sannan ya gwada sunan mai izinin da katin shaidar wanda ke tsaye gabansa.